Gawayin Sharar Gona da Tsaron Rijiya: Yadda Ake Cire Maganin Ƙwari Daga Ruwan Wanki

Garin Bengu yana cikin gundumar Gaya, a jahar Dosso, can kudancin kwarin Dallol Mawri, yankin da ƙasar Nijar ta yi iyaka da Benin da Nijeriya. Allah Ya yi wa wannan yanki baiwa biyu: ruwan sama da ya fi na sauran sassan ƙasar, kusan milimita 800 a shekara, da kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ke kusa ƙwarai. A cikin fadama, mutum ya haƙa ƴan mitoci kaɗan sai ya tarar da ruwa. Shi ya sa ake noman rake da dankali da rogo da shinkafa da kayan lambu, rani da damina. Saboda darajar wannan kwari ne aka sanya Dallol Mawri cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2004.

To, amma kusancin ruwan nan yana da nasa hatsari. Ƙasar kwarin rairayi ce, ba ta riƙe abin da aka zuba mata. Abin da ya malala a bakin rijiya yau, ba ya daɗewa sai ya sauka cikinta. Wannan shafi zai yi maka bayani, ya kai mai karatu, a kan ruwan da ake wanke famfon feshi da kwalaben maganin ƙwari da shi, da yadda gawayin da aka ƙona daga sharar gona yake iya kama gubar da ke cikinsa, da kuma iyakar abin da gawayin zai iya yi.

Wane ruwa ake nufi?

Idan aka ce gurɓataccen ruwa, tunanin mutane yakan tafi ga manyan masana'antu na birni. Amma a karkara ma akwai shi, sai dai ba a lura da shi domin kaɗan kaɗan yake fita. Ga inda yake fitowa:

1. Ragowar haɗin magani da ya saura a gindin famfo bayan an gama feshi.
2. Ruwan ɗaurayar famfo da bututunsa da bakinsa.
3. Ruwan ɗaurayar kwalba ko ledar da maganin ya zo a ciki.
4. Ruwan wankin tufafi da takalma da safar hannun mai feshi.

Galibi ana yin waɗannan ayyuka ne a inda ruwa yake, wato bakin rijiyar lambu ko bakin tabki, kuma a wuri ɗaya kullum. Maganin da aka fesa a gona yana bazuwa a fili mai faɗi, rana ta buge shi, ƙananan halittun cikin ƙasa su cinye wani sashe nasa. Wanda aka zubar a bakin rijiya kuwa yana taruwa ne a taku biyu ko uku, shekara da shekaru. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna cewa babban kaso na maganin da ake samu a rafuka daga wuraren cika famfo da wanke shi yake fitowa.

Kada ka raina ƙanƙantar abin. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda kowane maganin ƙwari guda ya wuce mikrogram 0.1 a cikin litar ruwan sha ba. Ma'ana, gram ɗaya tak na tsantsar magani ya isa ya kai lita miliyan 10 ga wannan iyaka.

Magungunan da ke yawo a kan iyaka

Gaya tana fuskantar Malanbil ta ƙasar Benin a tsallaken kogin Isa, kuma ba ta da nisa da Kamba ta jihar Kebbi. Magunguna iri-iri suna shigowa kasuwannin ƙauyuka, da yawansu ba su da rajistar Kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar CILSS. Ƙasashen wannan ƙungiya sun haramta endosulfan a 2007, da parakwat a 2011, da atrazin a 2015. Ita Tarayyar Turai ta janye izinin atrazin tun 2004, domin an riƙa samunsa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi kuwa endosulfan, a daminar 1999 zuwa 2000 ya yi sanadin mutuwar mutane da dama a yankin noman auduga na Borgu a arewacin Benin.

Haramci a takarda bai hana a ga wasu daga cikinsu a kan tebur ba. Haka kuma piya-piya, wadda sinadarinta shi ne diklorbos, ta zama abar kowa, a gona da cikin ɗaki. Wani abin damuwa shi ne, bayanin da ke jikin kwalabe da yawa da Ingilishi aka rubuta shi, harshen da manomi bai karanta ba. Idan ba ka iya karanta rubutun ba, dubi zanen launi da ke ƙasan takardar: ja na nufin guba mai tsananin hatsari, rawaya mai hatsari, shuɗi mai buƙatar hattara, tsanwa kuma mai ƙaramin hatsari idan an bi ƙa'ida. Cibiyar ɗakunan manoma ta ƙasa, RECA, takan wallafa bayani a kan magungunan da aka yarda da su da waɗanda aka hana. Ka tambayi malamin gona kafin ka saya.

Mene ne ingantaccen gawayi?

Gawayin da muke magana a kansa ya bambanta da na dafa shayi. A ido kusan ɗaya suke, amma idan aka duba shi da madubin likita za a ga ya cika da ƙofofi da lunguna kamar gidan gara. An ƙona shi ne ta yadda kwalta da mai da suka toshe ƙofofin suka fice, hanyoyi suka buɗe. Da za a shimfiɗe bangon waɗannan ƙofofi, gram ɗaya na gawayin masana'anta zai rufe fili mai faɗin murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Wato gram 10 na mai matsakaicin kyau sun kai faɗin hekta guda.

Yayin da ruwa mai guba ya ratsa ta cikinsa, ƙwayoyin maganin sukan manne a jikin bangon, kamar yadda ƙarangiya take manne wa wando, ruwa kuma ya wuce. Dalili shi ne, yawancin magungunan ƙwari ba sa son zama cikin ruwa; sun fi son jikin abu mai kama da mai ko gawayi. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara: gawayi kama guba yake yi ya riƙe, ba ya kashe ta. Gubar ta tashi daga ruwa ne ta koma cikin gawayi.

Wannan ilimi ya daɗe. A shekarun 1900 da 1901 ne aka yi rajistar hanyoyin farko na sarrafa irin wannan gawayi a masana'anta. A Yaƙin Duniya na Farko an zuba shi cikin takunkumin sojoji don kare su daga iska mai guba, kuma da ɓawon kwakwa da ƙwallayen ƴaƴan itace aka yi shi. Har yau ɓawon kwakwa yana cikin manyan kayan da ake yin sa da su, kuma manyan gidajen ruwa na duniya da shi suke cire maganin ƙwari daga ruwan famfo.

Wace shara ce ta dace?

Abin da ake nema shi ne busasshen abu mai tauri, mai nauyi, marar toka da yawa. Yankin Gaya ba ya rasa irin wannan.

Ƙwallon giginya. Dallol Mawri ya shahara da dazuzzukan giginya. Kada a taɓa ƙwallayen da za a shuka. Amma bayan an tone muruci, ɓawon ƙwallon da ya saura ba shi da wani aiki, kuma yana da tauri.

Ƙodagon goriba da ƙwallon aduwa da na magarya. Waɗannan suna ba da gawayi mai ƙwari wanda ba ya saurin narkewa ya zama gari. Masana ilimin sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun sarrafa ingantaccen gawayi daga ɓawon ƙwallon aduwa da na magarya a ɗakin gwaji, sun kuma auna ƙarfinsa.

Totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Suna da sauƙin samu da sauƙin ƙonawa, ko da yake gawayinsu bai kai na ƙwallaye ƙwari ba.

Ɓuntun shinkafa da ragowar rake. Ana iya amfani da su, sai dai ɓuntu yana da toka da yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ragowar rake kuma gawayinta laushi gare shi, yana iya toshe matata.

Amfanin wannan zaɓi a fili yake: ba a sare itace ko ɗaya ba, kuma ba a taɓa karan da dabbobi za su ci ba.

Yadda ake ƙona shi

A masana'anta mataki biyu ake bi. Da farko a gasa kayan a rufe, ba iska, a zafin da ya kai digiri 400 zuwa 600, har su zama gawayi. Sa'an nan a buɗe ƙofofin, ko dai da tururin ruwa a zafin digiri 800 zuwa 1,000, ko kuma a jiƙa kayan da sinadari mai ƙarfi irin su asid na fosfor kafin a gasa. Wannan hanya ta sinadari ta ɗakin gwaji ce da masana'anta. Kada a gwada ta a gida, domin tana ƙona fata da ido, kuma ita ma tana barin nata gurɓataccen ruwan.

Abin da ƙungiyar manoma za ta iya yi shi ne ƙona sharar da wuta mai tsanani a cikin tano, wato durom mai cin lita 200. An gwada wannan hanya a ƙauyukan ƙasar Tailan, an ga cewa gawayin da ya sha zafin da ya kai wajen digiri 850 yana kama magungunan ciyawa fiye da gawayin girki nesa ba kusa ba, domin na girki a hankali ake turara shi cikin ƙasa, kwalta ta saura a ƙofofinsa. Ga yadda ake yi:

1. A huda gindin tano da ƙananan ƙofofi masu yawa, a ɗora shi a kan duwatsu uku don iska ta shiga ta ƙasa.
2. A cika shi da busasshiyar shara iri ɗaya, wadda girmanta ya yi kusan daidai, kada a danne.
3. A kunna wuta daga sama. A ɗora murfi mai bututun hayaƙi, a bar ƴar tazara tsakanin murfi da bakin tano.
4. Wutar za ta riƙa sauka a hankali. Idan aikin yana tafiya daidai hayaƙi kaɗan ne zai fita, ƙarfen kuma ya yi ja.
5. Da wutar ta kai gindi, harshenta ya ragu, sai a kashe ta da ruwa mai yawa nan take. Idan an yi jinkiri, toka za a kwasa.
6. A daka gawayin ya koma kamar girman ƙwayar dawa, a tankaɗe garin, a wanke sau da yawa har ruwan ya fita garau.

Mai wannan aiki ya rufe hancinsa, ya yi shi a fili nesa da rumbu da danni, kuma a kori yara. Gaskiyar magana ita ce, gawayin tano bai kai na masana'anta ba. Saboda haka ake zuba shi da yawa, a kuma sauya shi da wuri.

A ɗakin gwaji da aidin da wani shuɗin rini ake auna ƙarfin gawayi. A ƙauye kana iya kwatanta gawayi biyu da ruwan zoɓo. Zuba ruwan zoɓo daidai wa daida a kofi biyu, ka sa cokali guda na wankakken gawayin girki a ɗaya, na tano a ɗayan, ka motsa, ka bari su kwana, ka tace. Wanda ruwansa ya fi kwaɗewa shi ya fi ƙarfi. Sai an wanke gawayin sosai, domin toka tana juya launin zoɓo kamar yadda kanwa take yi. Wannan gwaji na zaɓen gawayi ne kawai. Ba ya shaidar cewa guba ta fita daga wani ruwa.

Yadda ake shirya wurin wanki

Kafin a zo ga gawayi, a rage gubar tun daga tushe. A haɗa magani daidai da faɗin gona don kada ya saura. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku: a zuba ruwa zuwa rubu'inta, a rufe, a girgiza, a juye cikin famfo, a fesa a gonar. Sa'an nan a huda ta don kada wani ya zuba mai ko nono ko ruwan sha a ciki. Ruwan ɗaurayar famfo na farko shi ma a fesa shi a gonar da aka yi wa magani. Abin da ya saura bayan wannan shi ne rabon matata.

A zaɓi wuri a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Ko masai ana son ya yi nisan mita 30 daga rijiya, balle wurin wankin guba a ƙasa mai rairayi. A yi daɓen siminti mai gangara wanda zai tura ruwa cikin tano mai murfi. Daga nan ruwan ya bi matakai uku.

Na farko, kwantarwa. A bar ruwan ya kwana ɗaya ko biyu, laka ta kwanta. Laka da kumfar sabulu suna cika ƙofofin gawayi, su hana guba wurin zama.

Na biyu, tsakuwa da rairayi. Bokiti mai huda a gindi, tsakuwa a ƙasa, wankakken rairayi a sama. Wannan yana tare sauran dattin.

Na uku, gawayi. A jera bokiti biyu cike da gawayi, ruwa ya fita daga na farko ya shiga na biyu. A matse bakin bututu har ruwan ya riƙa ɗiga. Kamun guba yana son lokaci. Ruwan da ya wuce da gudu da gubarsa yake wucewa.

Ruwan da ya fito a ƙarshe ba na sha ba ne, ba na dabbobi ba ne, ba na alwala ko ban-ruwan salad da tumatir ba ne. A tara shi a kwarkwaron siminti mai shinge rana ta busar da shi, ko a yi amfani da shi wajen ɗaurayar famfo a karo na gaba.

Akwai wata dabara da za ta iya tafiya tare da wannan. A shekarar 1993 masana a ƙasar Suwidin suka ƙirƙiro ramin da ake shafe gindinsa da yumɓu, a cika shi da haɗin kara rabi, ƙasar gona rubu'i, ruɓaɓɓen ganye rubu'i, a shuka ciyawa a kai, a riƙa cika famfo a bisansa. Ƙananan halittun da ke cikin haɗin su ne suke cinye maganin sannu a hankali. A wuri irin Bengu, inda ruwa ke kusa, irin wannan rami sai an yi masa gindin siminti ko leda mai kauri.

Abin da gawayi ba ya iyawa

Gawayi yana kama atrazin da endosulfan da klorpirifos da ire-irensu da kyau. Amma bai cika riƙe gilifosat ba, maganin ciyawar nan da ya yaɗu ko'ina, domin shi yana son ruwa ƙwarai. Parakwat kuwa yumɓu ya fi riƙe shi. Gawayi ba ya cire gishiri: ruwan zartsi irin na wasu wurare a Dallol Foga, inda ake dafa gishiri tun zamanin kakanni, da zartsinsa zai fito. Ba ya cire sinadarin takin zamani da ya narke, kuma ba ya kashe ƙwayoyin cutar gudawa da kwalara.

Babban hatsarin shi ne cikarsa. Kowane gawayi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ranar da ya ƙoshi, guba za ta riƙa wucewa, ruwan kuma ya fito garau, ba launi, ba wari. Ido ba ya ganewa. Wannan ne dalilin jera bokiti biyu: idan na farko ya cika, na biyu ya tare. A sa ƙa'ida tun farko, misali a ƙarshen kowane zangon feshi a cire na farko, a matso da na biyu wurinsa, a zuba sabo a baya. Ƙungiya ta ajiye littafi, a rubuta ranar da aka zuba gawayi, da yawan jarkokin ruwan da suka wuce, da sunan maganin. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci, da boko ko da ajami, ya isa ya riƙe wannan littafi. Tabbacin tsabtar ruwa kuwa sai ɗakin gwaji.

Ina za a kai tsohon gawayi?

Tsohon gawayin matata guba ne a dunƙule. A ido bai bambanta da na girki ba, kuma nan ne tsautsayi yake iya shigowa gida. Kada a dafa shayi da shi, kada a gasa nama ko masara, kada a zuba shi a dutsen guga ko kaskon turare, kada a watsa shi a gona a matsayin taki. Ƙona shi a fili yana mai da gubar hayaƙi. A shanya shi a wurin da yara da awaki ba sa kaiwa, a zuba shi cikin tano mai murfi tare da lakar da ta kwanta da tsohon rairayi, a yi masa jan fenti, a sanar da ma'aikatan kare tsirrai na gunduma don su faɗi yadda za a yi da shi.

Idan wani ya sha guba

Likitoci sukan ba da ingantaccen gawayi na asibiti ga wanda ya haɗiyi wasu gubobi, amma wannan aikinsu ne. Kada a ɗura wa mutum gawayin gida, ko nono, ko man ja, kuma kada a tilasta masa amai. Idan ka ga yawan zufa da dalalar miyau da amai da ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi bayan feshi, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar maganin.

Shawara ga ƙungiyoyi

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Masu lambuna goma ko ashirin da ke shan rijiyoyi maƙwabta suna iya haɗa kuɗin siminti da tano uku da bokitai, su yi wurin wanki ɗaya, mata da matasa su tara ƙwallaye da totuwa bayan girbi. Ku fara da abin da ba ya cin ko dala: daga yau kada a ƙara wanke famfo a bakin rijiya ko tabki, a ɗebi ruwan a kai shi tudu. Sa'an nan ku nemi malamin gona ya duba wurin da kuka zaɓa kafin a zuba siminti. Ruwan da ke ƙarƙashin Dallol ɗaya ne. Wanda ke ƙarƙashin lambunka shi ne maƙwabcinka yake ja da guga ya kai wa iyalinsa.